Okabango: Kogin Da Ba Ya Kai Wa Teku, Da Gardamar Da Ake Yi A Kan Giwayensa

Duk wanda ya zauna ajin labarin ƙasa a makarantar firamare ya ji malami yana cewa kogi ba shi da wurin zuwa sai teku ko tafki. Kwara da Binuwai su haɗu a Lakwaja su gangara kudu su faɗa teku. Hadeja da Jama'are kuwa ƙarshensu tafkin Chadi ne ta hanyar kogin Yobe. To, amma can a kudancin Afirka akwai wani babban kogi da ya saɓa wa wannan ka'ida, sunansa Okabango. Yana tasowa daga tsaunukan tsakiyar ƙasar Angola, inda ake kiransa Kubango, ya bi iyakar Angola da Namibiya, ya ratsa wani ɗan tsirin ƙasa na Namibiya, sa'an nan ya shiga ƙasar Botswana ta wani gari da ake kira Mohembo. Tsawonsa duka kimanin kilomita 1,600 ne. Da shigarsa Botswana sai ya tarar da rairayin Kalahari shimfiɗe a gabansa, ba tudu ba kwari, sai ya warwatsu kamar yatsun hannu ya zama wata makekiyar fadama. A nan tafiyarsa take ƙarewa.

Masana labarin ƙasa suna kiran irin wannan wuri delta, amma galibin delta a bakin teku suke, kamar namu na kudu inda ake haƙar mai. Wannan kuwa a tsakiyar ƙasa yake. Mu a nan za mu kira shi fadamar Okabango, gama in Bahaushe ya gan shi abin da zai kira shi ke nan. Faɗinta in ruwa ya ja baya kimanin murabba'in kilomita 6,000 ne, in kuwa ya cika ya batse takan kai 15,000. A ranar 22 ga watan Yuni 2014 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya ta cikin jerin wuraren gado na duniya waɗanda ya wajaba a kiyaye, ita ce kuwa ta cika dubu cif a jerin. A yau attajiran Amurka da Turai suna biyan abin da ya fi albashin shekara na ƙaramin ma'aikaci a ƙasar nan domin su kwana ɗaya tak a cikinta suna kallon namun daji. Wa ke cin wannan kuɗi, wa kuma ke ɗauke da wahalar zama da dabbobin da ake zuwa kallo? Wannan ita ce maganar da mutanen Botswana suka daɗe suna ja-in-ja a kanta, su da junansu, su da Turawa.

Ruwan Da Ke Zuwa Da Rani

Abin da ya bambanta wannan fadama da sauran fadamu shi ne lokacin da ruwanta yake zuwa. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa damunar kudancin Afirka a juye take da tamu: ruwan sama yana sauka daga watan Nuwamba zuwa Maris, watannin Yuni da Yuli da Agusta kuwa su ne tsakiyar rani da sanyi. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Angola a farkon shekara yakan iso Mohembo wajen watan Maris ko Afrilu. Daga nan zuwa garin Maun da ke ƙasan fadamar tafiyar kilomita 250 ce, amma duk tsawon nan gangaren ƙasar bai wuce mita 60 ba, ga kuma ciyayi sun cushe hanya. Saboda haka sai ruwan ya dinga rarrafe kamar hawainiya, ya yi wata huɗu ko biyar kafin ya kai. Ashe ke nan sa'ad da fadamar take cika maƙil, a daidai lokacin ne ciyawar Kalahari ta bushe ƙayau, tafkunan daji sun ƙafe, babu ko alamar hadari a sama.

Ina dabba za ta nufa in ba can ba? Garkunan giwaye da na ɓakane, da jakunan dawa, da raƙuman dawa, da bareyi iri-iri, duk sai su kwararo bakin ruwa, zakoki da damisa da kuraye da kyarketai suna biye da su. A cikin ruwan kuma ga dorinai da kadoji. Akwai wata dabba mai kama da mariya, ana kiranta lechwe, wadda in ta hangi maƙiyi ruwa take faɗawa tana tsalle, domin a can ta fi shi gudu. Akwai kuma sitatunga mai dogayen kofatai, wadda in ta tsorata sai ta nutse ta bar hanci kaɗai a waje. Lissafin da UNESCO ta bayar ya nuna akwai dabbobi masu shayarwa iri 130, da tsuntsaye iri 482, da kifaye iri 89.

Wani abin mamaki kuma shi ne ɗanɗanon ruwan. Kusan kashi 96 bisa ɗari na ruwan da ke shiga fadamar rana da itatuwa ne ke shanye shi. Bisa al'ada duk ruwan da ya kwanta a hamada rana tana ƙona shi, ƙarshensa ya zama kanwa da gishiri, amma na Okabango garai yake, mai daɗin sha. Masana sun ce asirin yana ga tsibirai. Da yawa daga cikinsu daga suri suka faro: gara ta gina, tsuntsu ya yar da ƙwallon itace a kai, itace ya tsiro, ƙasa ta taru. Itatuwan da suka kewaye tsibiri su zuƙo ruwa da saiwoyinsu, gishirin kuwa ya taru a ƙarƙashin tsakiyar tsibirin. Shi ya sa in mutum ya duba daga jirgin sama zai ga gefen tsibiri kore shar, tsakiyarsa fari fat.

Yadda Baƙo Ke Yini

Kalmar da duniya ke kiran wannan yawon kallo da ita ita ce safari. Ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, domin daga Larabci masu harshen Suwahili suka aro ta, kamar yadda muka aro tamu kalmar safara. Da can in an ce Bature ya tafi safari, ana nufin ya ɗauki bindiga da 'yan dako ya shiga daji harbi. Yanzu galibi na'urar ɗaukar hoto ake ratayawa. Ƙofar shiga fadamar ita ce Maun, garin da ƙabilar Batawana suka kafa a 1915 ya zama hedkwatar sarautarsu. Filin jirgin samansa yana cikin waɗanda suka fi hada-hada a kudancin Afirka, saboda ƙananan jiragen nan masu ɗaukar mutum biyar zuwa goma sha biyu, waɗanda ke tashi da sauka kamar ƙudan zuma tun daga hantsi har la'asar. Dalili kuwa shi ne yawancin masaukan baƙi mota ba ta kai wa gare su in ruwa ya cika.

Masaukan nan, ko da yake tantuna ake ce musu, kada mai karatu ya zaci irin tantin soja ne. Ɗakuna ne na tamfol da katako bisa dandamali, da gado na alfarma, da makewayi, da wutar lantarki ta hasken rana. An ƙayyade yawan gadajen da kowane zai ajiye, galibi ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Da asuba a ta da baƙo ya sha shayi, ya shiga buɗaɗɗiyar mota tare da jagora. Jagoran nan shi ne kome: ya karanta sawu a rairayi, ya saurari kukan biri ko na tsuntsu ya gane damisa tana kusa. Da rana ta take a komo a huta, da la'asar a sake fita. Da dare kuwa ba a barin baƙo ya taka shi kaɗai daga wurin cin abinci zuwa ɗakinsa, gama babu shinge, dorina ko giwa tana iya kasancewa a bakin ƙofa.

Amma duk wanda ya je bai shiga mokoro ba, akan ce bai ga Okabango ba. Mokoro kwale-kwale ne siriri da ake sassaƙawa daga gungumen itace guda, irin wanda Sarkawan Yawuri da Argungu suka sani. Matuƙi yana tsaye a baya da doguwar sanda da suke kira ngashi, yana dogara ta a ƙasa yana tura jirgin, fasinja biyu suna zaune a ciki ruwa daf da haƙarƙarinsu. Babu ƙarar inji. Ana ratsa bado da dogayen ciyayi, ana hangen rairayin ƙasa da kifaye ta cikin ruwan. Gwanintar matuƙi ta wuce iya tuƙi, sai ya san kowane lungu da dorina take yini, domin dorina mai ɗa, ko namiji mai tsaron gurbinsa, yana iya kifar da mokoro a ƙiftawar ido. Da can da itacen kanya ko na rawuya ake sassaƙa shi. Itacen da zai isa jirgi sai ya yi shekaru masu yawa, jirgin kuwa cikin 'yan shekaru ya ruɓe. Da baƙi suka yawaita sai aka ga manyan itatuwa suna ƙarewa. Don haka yanzu galibin waɗanda ake ɗaukar baƙi a ciki ƙirar masana'anta ne, da wani abu mai kama da roba, amma siffar tana nan yadda take.

Farashi fa? A manyan masaukan, kwana ɗaya na mutum ɗaya a lokacin cikar ruwa yakan wuce dalar Amurka 1,000, akwai ma masu karɓar ninki uku na wannan. Tsadar nan da gangan aka yi ta. A shekarar 1990 gwamnatin Botswana ta fito da manufar da ta zaɓi baƙi kaɗan masu biya da yawa a kan baƙi da yawa masu biya kaɗan, don kada a wayi gari motoci ashirin sun kewaye zaki ɗaya kamar yadda ake gani a wasu gandayen Afirka ta Gabas. Ta fuskar kiyaye daji dabarar ta ci nasara, wannan ba a musu, har yawon buɗe ido ya zama na biyu bayan lu'ulu'u wajen kawo wa ƙasar kuɗin waje. Sai dai kuma ta sa ɗan ƙasa mai matsakaicin hali ba ya iya kwana a tsakiyar fadamar ƙasarsa, sai fa in aiki ne ya kai shi.

Masu Ƙasa

Tun kafin Bature ya san da wurin akwai masu shi. Mafi daɗewa su ne Bugakhwe da danginsu, reshen mutanen nan na San masu farauta da tsintar 'ya'yan itace. Sa'an nan Bayei suka gangaro daga arewa, masunta ne, su ne aka ce sun kawo mokoro. Sai Hambukushu manoma gero da dawa. A ƙarshen ƙarni na 18 Batawana suka zo da shanunsu suka kafa mulki a kan sauran. Baturen nan David Livingstone ya iso tafkin Ngami, kudu da fadamar, a 1849, bayansa kuwa maharba da fataken hauren giwa suka biyo. Abin da ya tsare cikin fadamar shekara da shekaru daga shanu da garma shi ne ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore, mutane ciwon barci. Ba a ga bayansa ba sai da aka yi feshi da jiragen sama a 2001 da 2002.

A farkon shekarun 1960, kafin ƙasar ta sami mulkin kai daga Ingila a 1966, maharban ƙetare suka matsa wa dabbobin lamba har mutanen gari suka fara tsoron za su ƙare. A lokacin wata mace ce ke riƙon sarautar Batawana, Elizabeth Pulane Moremi, matar marigayi Sarki Moremi na Uku, wadda ta riƙe gadon kafin ɗanta ya girma. A ƙarƙashinta aka yi ta zaman fada, irin wanda suke kira kgotla, inda talaka ma yake da bakin magana, har aka amince a 1963 a keɓe gabashin fadamar ya zama gandun daji, aka sa masa sunan mijinta. Gandun Moremi yana cikin na farko a Afirka da 'yan ƙasa suka keɓe da kansu a ƙasarsu. Daga baya aka haɗa masa da babban tsibirin da sarki yake farauta a ciki, yanzu faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 5,000. Lalle abin alfahari ne. Amma akwai ɓangaren labarin da ba a cika sa shi cikin takardun talla ba: mutanen da ke zaune a cikin dajin, galibinsu Bugakhwe, tashinsu aka yi aka mai da su bayan iyaka, inda ƙauyen Khwai yake a yau. Waɗanda suka yanke shawara a Maun ba su ne suka rasa gidajensu ba.

Wannan rarrabuwa tsakanin mai hasara da mai riba ba ta gushe ba. Farfesa Joseph Mbaiwa na cibiyar binciken Okabango ta Jami'ar Botswana da ke Maun ya shafe shekaru yana nazarin harkar. A binciken da ya buga a 2005 ya nuna cewa fiye da rabin masaukai da kamfanonin yawon buɗe ido na yankin mallakar baƙi ne, manyan muƙamai a hannunsu suke, 'yan ƙasa kuwa galibi su ne kuku da mai wanki da mai gadi da matuƙin mokoro. Baƙo yakan biya kuɗinsa tun yana Landan ko Johannesburg, a kai shi daji ta sama, a komo da shi ta sama, bai sayi ko kwandon saƙa a ƙauye ba. An sami ci gaba tun daga lokacin, an horar da 'yan ƙasa da dama sun zama jagorori da manajoji. Tun shekarun 1990 kuma gwamnati ta ba wasu ƙauyuka, irin su Sankuyo da Khwai da Mababe, ikon kafa ƙungiyoyin amintattu waɗanda za su riƙe hakkin amfani da dajin da ke kewaye da su, su ba kamfani haya, kuɗin ya shiga asusun gari. Da shi aka gina wa tsofaffi ɗakuna, aka ja ruwan famfo, aka biya wa yara kuɗin karatu, aka taimaka wajen jana'iza. Wasu ƙungiyoyin kuma shugabanninsu suka yi sama da faɗi da kuɗin, abin da ba sai an yi wa ɗan Nijeriya dogon bayani a kansa ba.

Giwa A Gonar Talaka

Inda maganar ta fi zafi shi ne batun giwa. Mutanen Botswana kimanin miliyan biyu da rabi ne, watau ba su kai mutanen birnin Kano ba, amma ƙasar tana da giwaye kimanin 130,000, ta fi kowace ƙasa a duniya, yawancinsu kuwa a arewa suke. A ƙauyukan gabashin kogin, su Seronga da Beetsha da Gudigwa, yawan giwaye ya kai na mutane, in bai fi ba. Babbar giwa tana cin ganye da ciyawa kimanin kilo 150 a yini. Gero da dawa da wake da kankana suna nuna a watannin Afrilu da Mayu, daidai lokacin da tafkunan daji ke ƙafewa giwaye suke juyowa zuwa kogi, gonaki kuwa a kan hanyarsu suke. Garke ɗaya ya isa ya share wahalar damina guda a dare ɗaya. Manomi ya kwana a gona yana buga gwangwani, yana ƙona barkono haɗe da kashin giwa don hayaƙin ya kore su. Wani lokaci ya ci nasara, wani lokaci a ɗauko gawarsa. Mata masu zuwa ɗiban ruwa da yara 'yan makaranta hanya ɗaya suke bi da giwaye, har ta kai a 2020 aka samar da ƙananan motocin safa musamman don kai yara makaranta da marasa lafiya asibiti a wannan yanki. Gwamnati tana biyan diyyar ɓarna, amma kukan manoma kullum shi ne ba ta isa, ba ta kuma zuwa da wuri. Giwar da ta ci gonarsa da dare, ita ce da safe wani yake biyan dala dubu ya ɗauki hotonta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kafin 2014 ana sayar wa attajiran maharba lasisin harbin giwaye da ɓakane ƙididdigaggu kowace shekara. Kuɗi mai tsoka yana shiga asusun ƙauyukan da ke da daji, a kuma raba musu naman. Shugaba Ian Khama, ɗan Seretse Khama shugaban ƙasar na farko, mutum ne mai tsananin son namun daji, sai ya hana farauta a filayen gwamnati da na al'umma daga watan Janairu 2014. Duniya ta yi masa tafi. Ƙauyukan da ke bakin ruwa, inda ake iya kafa masaukin masu hoto, suka juya akalarsu can. Waɗanda dajinsu busasshe ne mai sarƙaƙiya, inda mai hoto ba zai biya ya je ba, suka rasa kuɗi da aikin yi da nama gaba ɗaya. Magajinsa Mokgweetsi Masisi ya naɗa kwamiti ya zaga ƙauyuka ya ji ta bakin jama'a, sa'an nan ya ɗage hanin a watan Mayu 2019. Sai duniyar da ta yi tafi ta koma tsinuwa, har ana kiran a ƙaurace wa ƙasar. Da Jamus ta fara maganar tsaurara shigo da kawuna da haurun dabbobin da aka harbo, sai Masisi ya gaya wa wata jaridar ƙasar a watan Afrilu 2024 cewa a shirye yake ya aika musu kyautar giwaye 20,000, su zauna da su yadda suke so mutanensa su zauna da su. Ya sha kaye a zaɓen Oktoba na wannan shekara, Duma Boko ya gaje shi, amma sabuwar gwamnatin ba ta daina sayar da lasisin ba.

A nawa ganin babu ɓangaren da ya faɗi gaskiya duka. Harbin 'yan ɗaruruwan giwaye a shekara ba zai rage garken 130,000 ba, ba kuma zai hana su shiga gona ba, tun da manyan toraye masu dogon haure maharbi yake nema, waɗannan toraye kuwa su ne mai hoto yake biyan kuɗi ya gani. Amma wanda bai taɓa kwana a gona yana jiran giwa ba, ba shi da bakin gaya wa mutumin Seronga ya yi haƙuri kyauta. Muddin dabba ba ta kawo wa maƙwabcinta kome ba sai hasara, to, ranar da ɓarawon haure ya zo da kuɗi yana tambayar hanya, ba za a rasa mai nuna masa ba.

Makiyayi shi ma ya biya nasa kason. Domin Botswana ta sami damar sayar da naman shanu a Turai, tilas ta raba shanunta da ɓakane masu ɗauke da ciwon boru, sai aka ja dogon shingen waya a kudancin fadamar a 1982, aka ƙara wani a arewa daga baya. Shingen ya hana shanu kai wa makiyaya mai ruwa, ya kuma datse wa namun daji wasu hanyoyin da suka saba bi. Da ciwon huhu ya ɓarke a 1995 kuwa, gwamnati ta sa aka karkashe shanun lardin duka, kimanin 320,000, aka biya masu su diyya.

Ruwan Na Wani Ne

Duk wannan gardama kuwa a kan ruwan da Botswana ba ta da iko da tushensa ake yin ta, gama kusan duk ruwan kogin daga Angola yake fitowa. Abin takaici ne a faɗa, amma yaƙin basasar da Angola ta yi daga 1975 zuwa 2002 yana cikin abin da ya hana a gina madatsai da manyan gonaki a saman kogin. Yanzu da aka sami zaman lafiya mutanen can suna bukatar lantarki da noman rani, babu kuma mai cewa ba su da hakki, alhali kusan ba abin da ke kai musu daga kuɗin baƙin Okabango. Namibiya ma, da fari ya matsa mata a 1996, ta yi shirin jan bututu daga kogin don shayar da babban birninta Windhoek, sai saukar ruwan sama ta sa aka jingine. A 2021 wani kamfanin Kanada, ReconAfrica, ya fara haƙar rijiyoyin neman mai a arewa maso gabashin Namibiya, abin da ya ta da hankalin masana da mazauna bakin kogin. Ƙasashen uku suna da hukumar haɗin gwiwa mai suna OKACOM tun 1994, amma aikinta ba da shawara ne.

Ita kanta gwamnatin Botswana ta taɓa yunƙurin yashe kogin Boro, ɗaya daga rassan fadamar, domin ta ja ruwa zuwa Maun da gonakin rani da mahaƙar lu'ulu'u ta Orapa. Ana gab da fara aiki sai mutanen Maun suka cika kgotla suka ce ba su yarda ba. Gwamnati ta gayyato masana daga waje su duba, suka ce jama'a ke da gaskiya, aka soke aikin a 1992. Mu nan mun san abin da ke faruwa in aka datse ruwa daga sama ba a tuna da na ƙasa ba. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamar Hadeja da Nguru kowace shekara ta ragu ƙwarai, kachalla ta toshe magudanai, masunta da manoman shinkafa da makiyayan can suka ɗanɗana kuɗarsu.

Mutanen Maun sun ɗan leƙa irin wannan rana a 2019. Damina ta gaza a Angola da Botswana gaba ɗaya, ambaliyar shekarar ta zamo cikin mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa. Kogin Thamalakane da ya ratsa garin ya bushe har ana tafiya da ƙafa a cikinsa, tafkin Ngami ya koma taɓo, dorinai da shanu suka maƙale a ciki suna mutuwa, matuƙan mokoro na kusa da gari suka kifa jiragensu a kan rairayi. Da shekara ta kewayo sai Allah ya kawo ruwa mai yawa. A watan Mayu 2020 bakin ruwan ya shigo Maun yana rarrafe a kan busasshen rairayi, jama'a suka fito kallo, yara suna gudu a gabansa. Amma a lokacin an rufe iyakokin ƙasar saboda annobar korona, ƙananan jiragen nan suna jere a fili ba mai hawa, masaukai sun sallami ma'aikata ko sun rage musu albashi. Ba a sake buɗe filin jirgin Maun ga baƙin ƙetare ba sai watan Nuwamba, sa'ad da ruwan ya riga ya fara ja da baya.